Yadda Na Bi Sawun Sarki da Addu'ar Shiga Banɗaki

Tun a jirgin ƙasa na fara cika baki. Ɗan yayata da ke karatu a Malaga ne ya ce ba zan bar Sifaniya ba sai ya kai ni wani ɗan ƙauye mai suna El Chorro, in ga abin da suke kira Caminito del Rey, wato 'yar hanyar sarki. Ya ce, "Kawu, amma fa akwai tsawo." Na ce masa yaro, ni da na hau Dala tun ba a haife ka ba, na hau Goron Dutse da azumi a bakina, wane tsawo za ka faɗa mini? Ya yi shiru ya ci gaba da latsa wayarsa. Da na san fassarar wannan shirun, da tun a tasha na ce ciwon kai ya kama ni.

Mun ma fara rigimar ne tun a gida. Ya ce in sa ƙananan kaya, na ce Allah ya kiyaye, hanyar sarki ba a bin ta da kayan 'yan ƙwallo. Na zura kaftanina na shadda har ƙasa, na kafa zanna bukar da mai wankin hula ya ƙona wa sitati. A takalmi kawai ya ci galaba a kaina, don ya ce doka ce, ba a shiga da silifas, ba a shiga da laima, ba a shiga da yaron da bai kai shekara takwas ba. Ya ara mini kambas ɗinsa, wanda ya matse mini ɗan yatsa tun kafin mu fita ƙofa.

Daga tashar El Chorro bas ta kwashe mu zuwa ƙofar arewa, ta ɓangaren garin Ardales. Muka bi ta wani rami da aka fafe a cikin dutse, muka ɓulla cikin daji mai inuwa, ga ruwa kore shar a gefe, tsuntsaye na kuka. Na dubi yaron na ce, "Wannan ne tsawon? Ai ko kakarka za ta bi nan da sandarta." Ya ce, "Kawu, ba mu fara ba."

A wata 'yar rumfa aka tsayar da mu. Wata baiwar Allah ta miƙo mini hular kwano, da wata 'yar raga irin wadda masu girki a otal ke rufe gashi da ita. Na ce a gaya mata ina da hula. Ta yi magana da Sifaniyanci, ta nuna sama, ta nuna kaina. Wai dutse na iya faɗowa. Na gwada ɗora kwanon a kan zanna, ya zauna can ƙoli yana rangaji kamar faifai a kan tulu. Dole na cire hular nan tawa, na ninke ta ina jin sitatin na karyewa har cikin raina, na cusa a aljihu. Da na ga kaina a gilashin rumfar, sai na tuna lokacin da aka tilasta wa 'yan acaɓa hular kwano, wasu suka kife ƙwarya a ka.

Muna tafe yaron yana ba ni tarihi. Tsakanin 1901 da 1905 aka gina hanyar, domin leburorin da ke kai komo tsakanin tashoshin wutar lantarki guda biyu da ke bakin kwazazzabon, ɗaya a wannan ƙarshe, ɗaya a wancan. A 1921 Sarki Alfonso na 13 ya zo buɗe madatsar ruwa ya bi ta nan, shi ke nan suna ya zama nasa. Leburorin da suka rataye a jikin dutse suka kafa ta kuwa, ko oho. Na ce ashe abin ba a garinmu kaɗai yake ba. Ina cikin wannan sharhi ne ƙasa ta ƙare.

Wallahi ƙarewa ta yi. Duwatsu biyu ne suka miƙe tsaye suna fuskantar juna, kamar an sa wuƙa an tsaga tsauni, kogin Guadalhorce yana can ƙasa yana gurnani. A jikin bangon dutsen aka manna katakai, faɗinsu bai wuce mita guda ba, aka ce wai hanya ke nan. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne 'yar tazarar da aka bari tsakanin katako da katako. Wane kafinta ne wannan? Duk inda ka sa ƙafa sai idonka ya leƙa ta tsagar ya gaishe da ruwa.

Na kama igiyar ƙarfen da ke jikin dutse da hannu biyu. Na ce wa yaron na tuna ban kashe fanka a gida ba, mu koma. Ya ce, "Kawu, babu fanka a gidan, kuma ba a komawa. Hanya ɗaya ce, daga arewa zuwa kudu." Na waiga, mutane sun yi layi a bayana, kowa da kwanonsa, suna murmushi suna jira in motsa.

Da kyar na ja ƙafa har muka fita kwazazzabon farko, muka faɗa wani kwari mai faɗi da itatuwa, ƙasa ta Allah a ƙarƙashin ƙafata. Nan take jarumtata ta dawo. Na gyara wuyan riga na ce, "To ai ba wani abu ba ne, dama takalmin nan naka ne ya hana ni sauri." Yaron ya sake yin wannan shirun nasa.

Kwazazzabo na biyu shi ne uban tafiyar. A nan katakan suna sama da mita ɗari daga ruwa. Ƙarƙashin sabuwar hanyar kana ganin tsohuwar, ta siminti, duk ta zube, wani wurin ƙarfe ɗaya ne kawai ya rage kamar haƙorin tsohuwa. A daidai nan ɗan yayata, mai ilimin boko amma babu ilimin lokaci, ya zaɓi ya gaya mini cewa mutane sun faɗo sun mutu a 1999 da 2000, shi ya sa aka rufe wurin, sai a 2015 aka sake buɗewa bayan gyara. Na ce masa in Allah ya sauke mu lafiya zan kira uwarsa.

Sai iska ta taso. Ta shiga ta ƙasan kaftanin nan ta hura shi, na koma kamar tantin biki. Mutanen nan sun hana shiga da laima, ga shi ni da kaina na zama laima. Na saki hannu ɗaya na tattare shaddar nan mai tsada na ƙulle a ƙugu kamar mai shirin dakan gero. Na ɗaga kai don kada in kalli ƙasa, sai na ga ungulaye, manya-manya, sun buɗe fukafukai suna kewaya saman kwazazzabon. Yaron ya ce ai gidansu ne nan, a jikin dutsen suke sheƙa. Na ce ka riƙe bayaninka, ungulu ba ta jewar banza.

Wata tsohuwa, sa'ar gwaggona, ta raɓa ta gefena tana cin tuffa. Ta dafa kafaɗata ta ce wani abu mai kama da lallashi, ta wuce. Can ta hau wani ɗan baranda da aka yi wa daɓen gilashi, ta tsaya a kan iska tana ɗaukar hoto. Ni ko kallon wurin ban yi ba. A ɗaya ɓangaren jirgin ƙasa ya fito daga cikin dutse ya sake shigewa wani ramin, na bi shi da ido ina hassadar duk wanda ke zaune a ciki.

Daga ƙarshe gada. Gadar lilo ce, rataye tsakanin duwatsun biyu, daɓenta ragar ƙarfe, ka ga komai. Na karanta Ayatul Kursiyyu, na karanta Falaƙi da Nasi, na yafe wa mutum uku bashin da nake bin su a kasuwa, na rufe ido na shiga. Addu'o'in da na haddace suka ƙare a tsakiya, na ci gaba da duk abin da ya zo bakina. Da na ji dutse a ƙarƙashin kambas, na buɗe ido na ga mutane suna tafa mini. Na ɗaga musu hannu kamar ɗan takara.

A ƙauyen muka shiga wani gidan abinci da aka rataye cinyoyin alade a samansa kamar kilishi. Na sunkuyar da kai na ce a kawo mini wainar ƙwai da dankali da burodi da man zaitun. Na zaro zanna daga aljihu, ta koma kamar tsumman goge tebur. Yaron ya ce gobe zai kai ni Bobastro, nan kusa, inda Umar ɗan Hafsun da 'ya'yansa suka yi kusan shekara hamsin suna gagarar sarakunan Ƙurɗuba, har Abdurrahman na Uku ya ci wurin a 928. Na ce a ƙasa yake ko a sama? Ya ce a kan tsauni. Na ce to ka karanta mini a littafi.

Kafin abinci ya iso na ɗauki waya zan rubuta wa 'yan gida cewa na bi hanyar sarki ko gezau ban yi ba. Ashe ɗan banzan yaron nan ya riga ya tura bidiyon gadar a WhatsApp na dangi. Saƙon murya na farko na uwargida ne.

"Alhaji, sannu da jarumta. Amma wai addu'ar shiga banɗaki nake ji kana yi a tsakiyar gadar nan, ko kunnena ne? Kuma Malam na bakin kasuwa ya aiko, ya ce ya ji an yafe masa bashi, yana godiya."