Numfashin da ya tara mini jama'a a Kwari

Ƙanwata ce ta ja mini, wannan mai aikin jinya. Ta zo gaishe da Hajiyarmu, ta gan ni ina ta dafe ƙeya, sai ta zaro abin awon jini daga jaka ta ɗaure mini dantse. 150 bisa 95. Ta ce, "Yaya, na lafiyayye wajen 120 bisa 80 yake, daga 140 bisa 90 kuwa an shiga layin masu hawan jini. Ka je asibiti a sake aunawa, amma tun yanzu ka rage wa kanka damuwa." Na ce to ta je ta faɗa wa waɗanda nake bi bashi.

Nan ta jero mini dokoki. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali a yini, giram 5, har da na cikin magi da yajin tsire. Tafiyar ƙasa rabin awa, kwana biyar a mako, minti 150 ke nan, wai haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce. Waya a ajiye ta tun da sauran lokaci kafin a kwanta. Sai kuma numfashi: in raina ya ɓaci, in ɗora harshe a bayan haƙoran sama, in shaƙi iska ta hanci ina ƙirga huɗu, in riƙe ta zuwa bakwai, in fesar ta baki zuwa takwas. Sau huɗu a jere, kuma kada in katse.

Tafiyar ƙasa ba ta yi nisa ba. A unguwarmu magidanci ba ya tafiya haka kawai bayan asuba. Duk mai mashin sai ya tsaya: "Alhaji, lafiya? Ina motar? Hau in rage maka hanya." Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuwa, in aka gan ka a ƙasa ba wanda zai yarda motsa jini kake, cewa za a yi karayar arziki ce. Ajiye waya kuma uwargida ce ta fara tambayar wa nake guje wa kiransa da daddare. Saura numfashi, shi ba kuɗi, ba ruwan kowa. Haka na zata.

Ranar Asabar ce, bayan azahar, kasuwar Kantin Kwari ta Kano, inda nake da shagon atamfa, ta cika ba masaka tsinke. Ba wuta, fanka a tsaye. Wata Hajiya mai haɗa lefe ta shigo, ta sa yarona ya sauko da atamfa da leshi har muka rasa wurin sa ƙafa. Wannan ya yi duhu, wannan ya yi ihu, wannan kishiyar ƙanwarta tana da irinsa. Da ƙyar ta ware turmi goma, ta yi tayin da ko sarinsu bai kai ba. Na ce albarka. Muka ja, muka ja, na sallama. Ta ce ta tura kuɗi. Alat shiru. Ta nuna mini wayarta, na nuna mata tawa. Sai cewa ta yi, "To ni dai kuɗina sun fita, in ka ga dama ka ci haram."

Zuciya ta zo mini har wuya. Sai na tuna ƙanwata. Na jingina da kantar shago, na rufe ido, na ɗora harshe inda aka ce, na shaƙi iska. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na riƙe.

Jama'a, ba wanda ya gaya mini yadda fuskar mutum take komawa in ya riƙe numfashi ido a rufe, baki a ɗan buɗe, harshe a naɗe, zufa tana zuba. Ina kan biyar na ji Hajiya ta ce, "Kai yaro, mene ne haka maigidanka yake yi?" Ina kan bakwai na ji yarona ya ce, "Oga? Oga!" Ni kuwa an ce kada in katse. Na saki iskar ta baki, fuuuu, doguwa, har da 'yar ƙara a ƙarshe. Wallahi ni a raina har na ji wani sanyi-sanyi, na ce lallai abin nan yana aiki. Na koma zagaye na biyu.

A nan yaron ya fita da gudu yana ihu, "Ku taimaka, Oga ya tafi!"

Ba suma ya ce ba. Ya tafi.

Hajiya ta saka salati. Kafin in buɗe ido na ji ruwan leda mai ƙanƙara a tsakar kaina. Na buɗe baki zan ce lafiyata ƙalau, ruwa na biyu ya shige mini maƙogwaro, na sarƙe, na kama tari, idona ya yi ja. Wannan tarin shi ya tabbatar musu. Wani ya ce farfaɗiya ce, a kawo cokali. Wani ya ce a'a, mutanen ɓoye ne, ya kama kunnena na dama ya fara karatu da iya ƙarfinsa. Wani ya ɓare albasa ya manna mini a hanci, har yau ban san inda aka samo albasa a layin 'yan atamfa ba. Majiya ƙarfi biyu suka danne mini kafaɗu, ina fizga suna cewa, "Kun gani ko? Ƙarfin ba nasa ba ne." Na samu na ce, "Numfashi nake yi!" Sai wata murya daga baya ta ce, "Alhamdu lillahi, numfashi ya dawo!" Aka ɗau kabbara.

Muryar nan kun san mai ita. Baba dillali. Shi ne jagoran aikin ceto, shi ya ba da umarnin ruwa, shi ya cire mini hula da agogo wai don jini ya zaga. Yana tsaye a bakin shago yana ba 'yan kallo labari: tun shekaranjiya ya ga idona ya sauya, ya so ya yi magana ya ga ba huruminsa ba ne, irin wannan jifa ne, kuma yana da wanda yake zargi a layin baya. Mutumin da rabona da shi tun kafin azumi.

Ni da Baba dillali dama akwai tsohuwa. Kun tuna lokacin canjin kuɗi, da aka ce tsofaffin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu za su daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023, kafin a ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu? Bawan Allahn nan na jima ina bin sa bashi, kullum gobe, kullum kasuwa ba daɗi. Ana jajibirin cikar wa'adi sai ga shi da fara'arsa da baƙar leda, tsofaffin kuɗi ƙudundune suna warin ajiya, yana cewa shi ba ya son ya kwana da haƙƙin mutum. Ya kira shaidu biyu ya ƙirga a gabansu. Ni na kwana a layin banki da su. Har yanzu in ana zancen riƙon amana a majalisa, da kansa yake kawo wannan misali. To shi ne yau ya zama likitana. Da ƙura ta lafa ya matso ya raɗa mini cewa ruwan nan jaka guda ya ɗauko wajen mai sanyi, ba a biya ba, kuma shi bai fito da canji ba.

Na biya kuɗin ruwan da aka jiƙa ni da shi.

Ba ni kaɗai aka jiƙa ba. Turmi huɗu cikin na Hajiya sun sha ruwa. Ta gama yi mini sannu, har da ƙwalla, sannan ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Alhaji, ba don halin da kake ciki ba, ai waɗannan sai dai ka rage mini." Alat ɗin kuwa ya shigo tun ina ƙarƙashin masu danniya, ba wanda ya ji.

Labari ya riga ni zuwa gida. Na tarar da takalma a ƙofar ɗaki, Hajiyarmu da carbi, maƙwabta da lemo da ayaba, an kawo rubutu a galan. Wani ɗan'uwanmu ya bugo daga Zariya yana tambayar ƙarfe nawa za a yi. Bai faɗi me za a yi ba, sai da ya ji muryata ya ce, "Au."

Ƙanwata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Wai ai a kan gado ake fara koyonsa, ko a zaune a wuri shiru, ba a gaban mai haɗa lefe ba, kuma ba ta ce a naɗe harshe kamar tabarma ba. Ta sake ɗaure mini dantse, ta duba, ta mayar da abinta jaka ba ta faɗi lambar ba.

Yanzu a layinmu ko hamma na yi sai wani ya leƙo. Agogon ya dawo bayan kwana biyu, da tsaga a gilashi. Hular ce har yau. Zanna ce, ruwan toka da ɗan ja a gefe. In kun je ɗaurin aure kun gan ta a kan Baba dillali, ba sai kun yi masa magana ba, ku dai sanar da ni.