Bawan da ya rubuta littafin koyon Girkanci

Jiya ƙanena ya tambaye ni, "Yaya, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan harsunan da aka daina magana da su, me ya ci?" Tun lokacin William Sanders Scarborough yake raina.

A 1852 aka haife shi a garin Macon na jihar Jojiya, Amurka. Mahaifiyarsa baiwa ce, don haka shi ma bawa ne a idon doka. Koya wa bawa karatu laifi ne a wancan zamani, a ɓoye ya koya. Bayan an 'yanta bayi ya shiga kwalejin Oberlin, ya gama a 1875, ya zama malamin tsohon Girkanci da Latinanci a jami'ar Wilberforce. A 1881 ya wallafa littafin koyon Girkanci ga masu farawa.

Sai ka san abin da ake faɗa a ƙasar kafin ka gane nauyin wannan littafi. An ruwaito cewa John C. Calhoun, babban ɗan siyasar Kudu mai kare bauta, ya taɓa cewa sai ya ga baƙar fata da ya san nahawun Girkanci kafin ya yarda shi ma mutum ne. To ga wanda aka haifa cikin bauta, bai tsaya ga sanin nahawun ba, ya zauna ya tsara wa wasu yadda za su koya. Duk wanda ya taɓa shan wuyar sarfu a gaban malamin zaure ya san wannan ba aikin kwana biyu ba ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsayawarsa kan karatun Girkanci da Latinanci a lokacin da ake ta kiran baƙaƙe su rungumi sana'ar hannu. Ban raina sana'a ba, wallahi da ita aka ciyar da mu. Amma wa ya yanke cewa ɗan bawa kafinta kaɗai zai zama, karanta Aristofanis, marubucin wasan kwaikwayo na tsohuwar Girka, kuwa na 'ya'yan iyayengiji ne?

Ya shugabanci Wilberforce daga 1908 zuwa 1920. Duk da haka, a 1909 wani otal a Baltimore ya ƙi yarda ya zauna cin abinci da takwarorinsa masana. Wannan har yau yana min ciwo.

Ya rasu a 1926. Tarihin rayuwarsa da ya rubuta da hannunsa ya yi kusan shekara 80 a ajiye, sai 2005 aka buga shi.