Wai Mu Je Mu Ƙara Haihuwa Kafin A Ba Mu Malami

Jiya na kai takardar kwamitin iyayen yara ofishin ilimi, muna roƙon a ƙaro mana malami ɗaya tal. Makarantar ƙauyenmu aji shida ce, malamai biyu, ɗayansu kuma shi ne hedimasta, shi ne mai rajista, shi ne mai kaɗa ƙararrawa. Wanda ɗansa ke irin wannan makaranta ya san sauran, ba sai na ɓata bakina ba.

Na yi sallama, jami'in bai ɗago ba, yana ta latsa waya. Na sake yi. Sai da ya mula don kansa ya miƙo hannu, ya karɓi takardar da yatsa biyu kamar daga kwata aka tsamo ta. Ya jawo fayil, ya lashi yatsa, ya buɗe, ya bi layi da biro.

"Malam, yara nawa ne ma a makarantar taku?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na rajista ba su kai hamsin ba, amma waɗanda ke zaune a gida sun fi haka."

"Na gida ba su shafe ni ba. Ni da takarda nake aiki."

Na danne zuciyata na ce, "Yallaɓai, ai ranar da mutanenku suka zo ƙirga ana tsakar girbi, rabin yaran suna gona."

A nan ne ya ajiye biro, ya jingina, ya juya wajen abokin aikinsa. "Ka ji fa. Yara ba su cika aji ɗaya ba, suna son malamai." Sannan ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ku je ku ƙara haihuwa, in sun cika sai ku dawo." Abokin ya ƙyalƙyale da dariya. Ya turo mini takardar da gindin biro, ko hatimin karɓa bai buga ba, ya ƙara da cewa in shaida wa mutanena ana maganar haɗe mu da makarantar gaba.

To madalla, mun gode da shawara! Ashe matsalar ilimi a ɗakin haihuwa take, mu ne ba mu waye ba.

Ranka ya daɗe, mun haifa, suna nan birjik. Abin da ya kore su daga rajistarka ne ba ka so a faɗa. Malami ɗaya yana fama da 'yan aji ɗaya da 'yan aji uku a ɗaki guda, in ya juya wa waɗannan sai waɗancan su kama dambe. Uban da ya ga ɗansa ya kai aji biyar bai iya rubuta sunansa ba, me zai hana shi jan abinsa gona? Mai ɗan hali ya tura nasa wajen dangi a birni. 'Yan mata suna fara girma ake cire su, domin babu banɗaki, babu malama ko ɗaya. 'Ya'yan makiyaya kuwa in iyayensu sun tashi shi ke nan, babu mai bin sawunsu. Rajista ta ragu saboda babu malami, ku kuma kun hana malami saboda rajista ta ragu. Wannan lissafi a wace makaranta aka koya muku shi?

Batun haɗewa kuma, ɗan shekara shida ne zai taka sayyada ya ƙetare rafi da damina? Wanda ya tsara wannan, nasa 'ya'yan a mota ake sauke su bakin ƙofar aji.

Ba kuma mu ne farkon ƙaramar makaranta a duniya ba. Tun shekarun 1970 ƙasar Kolombiya ta fito da tsarin Escuela Nueva, ta horar da malaman karkara yadda za su koyar da azuzuwa da dama lokaci guda, da littattafan da yaro zai bi da kansa. Namu malaman an jefo su ne kawai da alli da bulala.

Gwamnatoci dai wajen sa hannu ba a bar su a baya ba. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, sashe na 28, ta ce firamare kyauta ce kuma dole, ba ta ce sai ƙauyen da ya tara yara ɗari ba. A 2015 aka sake taruwa aka yi alkawarin kowane yaro zai samu ilimi kafin 2030. Sai ga UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2023 tana cewa yara da matasa miliyan 250 ba sa zuwa makaranta. Ana ta taro a otal ana tambayar ina suke, alhali ga su nan a bayan rajistar da jami'i ya ƙi ɗaga kai ya duba.

Amma bari zaɓe ya zo. A wannan ajin mai yoyo ake ajiye akwati, a turo ma'aikata sun fi malamanmu yawa, a kira sunan kowa har tsohuwar da sai an riƙo ta. Ranar babu wanda ke cewa mun yi kaɗan.