Wai kwantena ce za ta kai wasan kwaikwayo karkara?

Kwana biyun nan duk inda ka leƙa a intanet sai hotunan dandamalin wasan kwaikwayo na tafi-da-gidanka, an ɗauki kwantena an yanke gefenta, a danna maɓalli bango ya sauko ya zama dandamali, ga fitilu ga lasifika, masu zanen gini sai tafa wa juna suke wai sun kai wasa karkara. Abin ya ishe ni wallahi.

Kwantena mai ƙafa 40 ko babu komai a cikinta nauyinta ya kusa tan 4, sai da tirela. To ƙauyen da ake cewa yana da nisa ai rashin hanya ne ya nesanta shi, damina na sauka tirelar nan ta kafe a laka. In kuma injin da ke ɗaga bangon ya tsaya wa zai gyara, kafintan garin da ke da guduma da zarto?

Amma abin da ya fi ƙona min rai tsayin dandamalin ne. Wasan al'umma a da'ira ake yin sa, jama'a sun kewaye, tsohuwa ta katse ɗan wasa ta ce ba haka abin yake ba, wani ya taso daga baya ya karɓi rawar ya nuna yadda shi zai yi. Da zarar ka ɗora 'yan wasa a sama ka haske su ka bar mutane cikin duhu, shikenan kowa ya kama bakinsa.

A Kamiriithu ta ƙasar Kenya, a 1977 manoma da ma'aikata da hannunsu suka gina filin wasansu da katako, wasannin da suka yi sun tsone wa gwamnati ido har ta rushe wurin a 1982. Wace gwamnati ce za ta damu da kwantenar da gobe da safe za ta bar gari?

Masu cewa kayan zamani ne ke jawo matasa, hoto kawai suke nema.

Kuɗin da ake kashewa a kan kwantenar nan a miƙa su ga ƙungiyoyin wasan, su sayi katako da tamfol da igiya da fitilar sola, abin da mutum huɗu za su ɗauka a ka, in an gama kuma a bar wa mutanen garin kayansu.