Ku fara da kwatar unguwa kafin ku kai mu teku

'Yan uwana matasan Jos masu fafutukar kare muhalli, ku gyara salo. Kullum sai ku ɗora hoton kunkurun teku da leda ta shaƙe, ku rattaba Turanci a ƙasa, sannan ku yi ta ƙorafin cewa mutanenmu ba su damu ba. Mai sayar da tumatir a Farin Gada bai taɓa ganin teku ba, don me zai damu?

Alhali magana tana hannunku. Kogin Kaduna daga tsaunukan nan namu ya taso, ya je ya faɗa kogin Neja. Gongola ma daga nan take, ta shiga Binuwai a Numan. A Lokoja su haɗu su nufi Tekun Atilantika. Wani bincike da aka yi a Jamus a 2017 ya sanya Neja cikin koguna 10 da suka fi kwarara robobi cikin teku. Amma ku kiyaye zuzutawa: kogin Dilimi da ya ratsa cikin gari arewa ya nufa, wajen Tafkin Chadi. Wanda ya ce kowace ledar Jos teku take zuwa, ranar da dattijo ya kama shi, shi ke nan an daina sauraronsa.

Ku je wurin mahauta su faɗa muku abin da suke cirowa daga tumbin shanu da awaki. Ku tuna wa mutanen Rikkos da Gangare ambaliyar 2012, sannan ku nuna musu magudanar da ledar fiya wata ta toshe. Daga nan sai ku kawo maganar kifin ƙanƙara da muke saye a Taminus. Roba ba ta ruɓewa, farfashewa take yi ta zama ɓurɓushi, kifi ya haɗiye, ya iso tukunyarmu.

Batun doka kuma ku faɗe shi yadda yake. Ruwanda ta haramta leda tun 2008, Kenya a 2017, Legas ta hana robar zuba abinci ta kumfa a 2024. Yarjejeniyar duniya kan sharar roba da aka amince a tsara a Nairobi a 2022 kuwa, an tashi baram-baram a kanta a Busan ta Koriya ta Kudu, aka sake a Janeba a 2025. Kuma wanda zai ce a hana fiya wata, ya zo da amsar inda talaka zai sha ruwa, domin ita ce tambayar farko da za a yi masa a majalisar shayi.