Kifin da aka yanke wa fukafukai

Wani bidiyo ke yawo a WhatsApp kwanakin nan. Masunta a tsakiyar teku sun jawo wani ƙaton kifin shak, irin mai kan guduma ɗin nan, suka yanke masa fukafukai yana mutsu-mutsu, sannan suka tunkuɗa shi ruwa da ransa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne alamomin dariyar da 'yan uwana Musulmi suka jera a ƙarƙashin bidiyon.

Haba jama'a! Mene ne abin dariya a nan?

Wannan kifi dole ne ya yi ta iyo kafin ya samu numfashi, domin sai yana tafiya ruwa ke ratsa kafofin da ke gefen wuyansa. In ba fukafukai, nutsewa zai yi har ƙasan teku, ya shaƙe sannu a hankali. Kuma duk don miyar fukafukan da ake sha a manyan bukukuwa a China, ana hada-hadarsu a Hong Kong. Naman ba ya kawo kuɗi sosai, shi ya sa ake zubar da shi don kada ya cika jirgi.

Da kun san irin halittar da ake wulaƙantawa! Allah Ya shimfiɗa masa kai, Ya sa ido ɗaya a kowane gefe, yana ganin sama da ƙasa a lokaci guda. A ƙarƙashin kan akwai 'yan ƙananan ramuka masu jin ɗan lantarkin da ke fita daga jikin kifin da ya binne kansa cikin yashi. Sai ya gano shi, ya danne shi da kan nan nasa. Babba a cikinsu kan kai mita 6. Ba ƙwai macen ke sakawa ba, ciki take ɗauka na kusan wata 11, ta haifi 'ya'yanta da rai. Wasu nau'in sukan taru ɗaruruwa da rana a kusa da tsibiran Galapagos da ke tekun Pasifik, dare ya yi kowa ya fita farauta shi kaɗai. To ga shi a 2019 an sa manyan nau'o'insa biyu cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Aikin hannun ɗan Adam ne.

Wani zai ce ai mu ba mu da teku. Gaskiya ne, amma zuciyar da ta yi wa wancan dariya ita ce ke ɗaure kaji ashirin kai a ƙasa a bayan babur da tsakar rana. Ita ce ke lafta wa jaki mai gyambo buhunan yashi, in ya durƙusa a bi shi da sanda. Yaranmu na harbin ƙadangare da danko don wasa kawai, muna zaune a ƙofar gida ko tsawa ba ma yi. Mahauci na wasa wuƙa a gaban akuya, 'yar uwarta na kallo.

Labarin matar da ta tsare mage har magen ta mutu, duk mun haddace shi tun muna makarantar allo. Haddar ta amfane mu da me?

Ya ɗan uwana, ba faɗa nake yi ba, tsoro nake ji mana. Waɗannan bayin Allah ba su da bakin kai ƙara a duniya, amma akwai ranar da za a saurare su.

Don Allah mu ji tausayi. Mai kaji, ka ba su ruwa kafin ka kama hanyar kasuwa. Mai jaki, rage masa kaya yau. Malama, ki karɓe dankon nan daga hannun yaronki. Don Allah.