Robar ƙofar injin wanki: abin da na gani a Manchesta da abin da Yayata ta gani a Bauchi

Wata biyar da sayen injin wankinmu, na shiga kicin da asuba na taka ruwa. Ba ambaliya ba ce, ɗan yoyo ne da ya bi ta ƙarƙashin ƙofar injin ya kwanta a kan tayil. Amma a gidan haya na sama, inda akwai wata tsohuwa a ƙasanmu, ɗan yoyo ba abin wasa ba ne. Na leƙa da fitilar waya, sai ga tsaga kamar tsawon ɗan yatsa a jikin robar nan mai launin toka da ta zagaye bakin ƙofar.

Wanda bai taɓa amfani da injin mai ƙofa a gaba ba zai raina robar nan. Ita ce kaɗai tsakanin ruwan da ke cikin ganga da ɗakinka. Bakinta ɗaya yana maƙale da jikin injin, ɗayan da tukunyar ciki, kowanne an ɗaure shi da zoben waya. Lokacin matse kaya gangar na juyawa sau 1,200 ko 1,400 a minti guda, tana rawa, robar kuma tana lanƙwasa tana miƙewa tare da ita. Kwandala da aka manta a aljihu, ƙusa, zif, ko bakin zani da ƙofa ta datse, kowanne na iya yaga ta. A nan Manchesta, garin da rana ke yi mana rowa, akwai ƙarin masifar fumfuna: ka rufe ƙofar da danshi, bayan 'yan watanni robar ta yi baƙi tana wari.

Na buga wa kamfanin da ya ƙera injin. Bayan kusan rabin awa ina sauraron kiɗa, wata mata ta ce za a turo mai gyara, amma in sani: idan ya ga wani abu ne daga aljihunmu ya yaga robar, mu za mu biya zuwansa da aikinsa. Na ce ai ga takarda a jikin injin an rubuta garantin shekara goma da manyan baƙaƙe. Ta ce wannan na kayan gyara ne kawai, ban da kuɗin aiki, kuma roba tana cikin abubuwan da ke cinyewa da amfani. Wato dai an yi maka alkawari a kan ƙarfen da ba ya lalacewa, an zame daga robar da kowa ya san ita ke fara mutuwa.

Wani abokin aikina ne ya ce in bar kamfanin, in koma kantin da ya karɓi kuɗina. A Birtaniya akwai dokar haƙƙin mai saye ta 2015, kuma ba ruwanta da takardar garanti. Cikin kwana 30 na farko, in kaya na da aibi, kana iya mayarwa a ba ka kuɗinka. Cikin wata shida na farko, doka ta ɗauka cewa da aibin aka sayar maka, sai in mai kanti ya kawo hujjar cewa kai ka ɓata. Bayan wata shida nauyin hujja ya dawo kanka, amma a Ingila kana da har shekara shida ka kai ƙara. Na rubuta musu wasiƙa, na haɗa hoton tsagar da na ɓurɓushin baƙar roba da muka daɗe muna gani a jikin fararen kaya. Mai gyaran da suka turo ya duba ya ce tun farko ba a zaunar da robar daidai ba, bakin ganga ne ke gogar ta. Ya buɗe matatar ƙasa kuma ya zaro fil ɗin hijabi guda biyu, ya ɗaga su ya kalle ni, na kalli uwargida, ita kuma ta kalli taga. Allah ya taimake mu ba su ne suka yi ɓarnar ba. Ya sauya robar cikin minti arba'in, ban biya ko sisi ba, amma na yi sati uku ina kai wanki shagon haya.

Ina cikin ba Yayata labarin nan a waya sai ta kwashe da dariya, ta ce ai nata ya riga nawa. A wani shago kusa da kasuwar Wunti a Bauchi ta sayi nata, mai ƙofar gilashi a gaba, don ta gan shi a gidan wata ƙawarta ya burge ta. Bai cika wata biyu ba ya fara zubar da ruwa. Ta koma da risiti. Mai shagon ya tarbe ta da fara'a, ya sa aka kawo mata kujera da ruwan sanyi, sannan ya ce: "Hajiya, ai kin san halin wutarmu. Wuta ce ta yi wannan."

Ta ce: "Alhaji, wuta ce za ta yaga roba?"

Ya ce: "To, mu ma haka aka kawo mana shi daga Legas, a kwalinsa. Kin ga kuma abin da ke rubuce a ƙasan risitin." Abin da ke rubuce kowa ya san shi: kayan da aka saya ba a dawowa da su.

Yadda aka warware shi ne ya fi tsaya mini a rai. Mijinta da wan mai shagon masallaci ɗaya suke sallar asuba. Aka yi magana a ƙofar masallaci, aka ce a duba zumunci, aka raba kuɗin gyara biyu. Kafin robar ta iso daga kasuwar Alaba ta Legas, wani yaro mai gyaran firji ya zo ya liƙe tsagar da faci irin na taya, ta yi sati shida tana wanki da shi lafiya lau. Ranar da ta kira shi, ranar ya zo. A nan Manchesta kuwa, ko da kuɗinka a hannu, sai an ba ka rana, a ce ka zauna a gida daga ƙarfe takwas zuwa ɗaya.

Na san akwai masu cewa tsarinmu na gida ya fi, don akwai fuska, akwai kunya, akwai wanda za a kai ƙara wurinsa ba tare da takarda ba. Ni ma na yi kewar wannan lokacin da nake magana da muryar da ba ta san ni ba. Amma a tambayi kai: da Yaya bazawara ce mai sayar da ƙosai a Yelwa, ba ta da miji mai sallah kusa da wan Alhaji, wa zai raba mata kuɗin gyara? Kuma me ya sa ma za ta biya rabi a kan aibin da ba ita ta jawo ba? Abin da ta samu alfarma ce, ta kuma yi godiya har da aika tuwon sallah. Ni abin da na samu haƙƙi ne, daga mutanen da ba su taɓa tambayar ɗan gidan wane ne ni ba. Tsohuwar da ke ƙasanmu ma da ta rubuta wasiƙar nan, amsar da za ta samu ke nan.

Abin haushin, mu ma a Najeriya muna da dokar. Dokar gasa da kare haƙƙin mai saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka fito da aibi cikin wata uku, a gyara, ko a sauya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Injin Yaya ko wata biyu bai cika ba. Hatimin da ke ƙasan risiti ba ya goge wannan. Kuma tun kafin a rubuta wata doka a Abuja, malamanmu na zaure suna karantar da cewa wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa. Duk mun ji hadisin mai sayar da abinci da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin kayansa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. To don me mace za ta ji nauyin cewa a sauya mata, kamar ta zo roƙo? Kowa ya ci ladan kuturu ai ya san sauran zancen.

Ban wanke mu masu saye ba. Injin mai ƙofa a gaba an yi shi ne don gidan da famfo ke zuwa da ƙarfi kuma wuta ke tsayawa awa biyu ba ƙyaftawa. In yana dumama ruwa yana jan wajen wat 2,000, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. In aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, kaya su kwana cikin ruwa, ƙofa a kulle, sai wani ya sa ƙarfi ya fizge ta. A unguwar da ruwan dam ɗin Gubi ke zuwa yau ya ɓace gobe, injin nan mai tukunya biyu da ake zuba wa ruwa da bokiti ya fi dacewa nesa ba kusa ba. Ba shi da robar ƙofa ma balle ta yage. Sai dai ba ya ado a hoto, kuma mu mun fi son abin da baƙi za su gani su yi santi.

Tun 2021 dokar Birtaniya ta tilasta wa masu ƙera injin wanki su ajiye kayan gyara, har da robar ƙofa, na tsawon shekaru bayan sun daina ƙera samfurin. A Bauchi kuwa ana shigo da samfurin da robarsa ba ta ko'ina a Arewa. Shi ya sa na ce wa Yaya, ƙanwarmu da ke shirin aure kada a saya mata injin sai an tambayi mai shago abu biyu: ina ake samun robarsa, kuma zai rubuta da hannunsa a bayan risiti cewa garantin ya haɗa da ita? Ta ce Alhaji zai ce an raina shi. Na ce ta gwada, in ya ƙi akwai shago na gaba. Ta ce za ta tura mijinta.